Kuɗin Makarantar 'Yar Baffa

A gidanmu da ke Madabo uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya tambayarsa abin da ke damunsa. Haka mahaifinmu ya yi da babbar yayarmu Indo har ya koma ga Allah. Ni ma da Allah ya ba ni 'ya mace a haihuwar fari, haka na yi. Ranar suna yayana Alhaji Muttaka ne ya raɗa mata Zaituna, ya ɗaga ta a gaban jama'a ya ce, "Wannan tawa ce." Tun daga ranar 'Yar Baffa muke ce mata. A ɗakin uwarta take kwana, tuwon gidana take ci, amma duk abin da ya shafi rayuwarta wurin Baffanta ake kai shi. Shi ya sa ta a firamare, shi yake karɓar sakamakon jarrabawarta, shi ya raka ta ranar da ta samu gurbi a jami'a za ta karanta harhaɗa magunguna. Ni dai in ta durƙusa ta gaishe ni da safe, sai in amsa ina duban wani wuri. Uwarta Kulu ma haka take yi, har ta fi ni.

Sana'ata wankin hula ce, ina da ɗan shago kusa da Ƙofar Na'isa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Saboda haka duk safiyar da na ga yarinyar nan ta fita da farar rigarta ta ɗakin gwaje-gwaje a naɗe cikin leda, sai in ji wani sanyi a raina. Ban taɓa gaya wa kowa ba. In abokan sana'a suka tsokane ni suka ce, "Salihu, ka kusa fara shan magani kyauta," sai in ce musu ku je ku gaya wa Baffanta.

Tana aji biyu korona ta zo. Aka kulle gari, aka hana biki, aka hana taron Juma'a. Wanda ba ya fita ina ruwansa da wankin hula? Jami'a ma aka rufe. Da aka buɗe ba a daɗe ba malamai suka tafi yajin aiki, aka sake zaman gida wata da watanni. Da suka dawo kuma sai ga labarin an ƙara kuɗin makaranta, ba ƙari irin wanda aka saba ba, ninki aka yi a kan ninki. A rediyon shago na fara ji. Hular da ke hannuna ranar sai da na sa mata sitaci sau biyu ban sani ba.

Ina da fili guda a hanyar Madobi, wanda na saya tun ina saurayi da niyyar wata rana in gina in fita daga gidan gado. Shi na sayar. Na ɗauki kuɗin gaba ɗaya na kai wa Yaya Muttaka a shagonsa na Kantin Kwari, na ce ga wannan, a riƙa biya wa 'Yar Baffa har ta gama.

"Kai dai Salihu tsoro ya yi maka yawa," in ji shi. "Wa ya ce maka zan bari karatun 'yata ya tsaya?"

Ya dai karɓa. Na koma shago raina a kwance.

'Yar Baffa ta ci gaba da fita kullum da safe, ta dawo bayan la'asar. Ban ga wani canji ba, don dama ba na dubawa. Haka muka ci kusan shekara.

Wata ranar Alhamis na dawo gida cin abincin rana, ina soro ina cire takalmi, sai ga wata yarinya ta yi sallama. Na gane ta, Bahijja ce, ajinsu ɗaya, takan biyo mata su tafi tare a da.

"Baba, ina wuni? Umma na ciki?"

"Tana ciki. Ƙawarki kuwa ai tana makaranta, ba ku haɗu ba?"

Ta yi ɗan murmushi kamar wasa nake yi mata. "Farar rigarta na zo karɓa. Tawa ce wani sinadari ya ƙona min. Ta ce in zo wurin Umma in ɗauka, tunda ita ba ta amfani da ita yanzu."

"Me ya hana ta amfani da ita?"

Sai murmushin ya ɗauke. Ta dubi ƙofar cikin gida, ta dubi hanyar fita.

"Zauna, 'yata," na ce. "Ba faɗa zan yi miki ba. Me ya hana ta?"

Ta tsuguna a bakin ƙofa. "Wallahi Baba na ɗauka ka sani. Ba ta yi rijistar bara ba. Tana shagon Baffanta a Kwari. Mu har mun shiga aji huɗu."

"To yanzu a wane aji take?"

"Ba ta kowane aji. Sunanta dai yana nan. Amma dokar makarantar, in mutum ya rasa rijista shekara biyu a jere, cire shi ake yi gaba ɗaya. Ta bana kuma ran Litinin ake rufewa."

Na shiga cikin gida da takalmi ƙafa ɗaya. Kulu tana kwashe dafa-duka, ta ga fuskata ta ajiye ludayi.

"Kin sani?" na ce.

Ba ta tambaye ni me ta sani ba. "Malam, Alhaji ne ya aiko matarsa ta ce kada a gaya maka, hawan jininka zai tashi. Ta ce na ɗan lokaci ne."

"Shekara guda ne ɗan lokaci?"

"To ya zan yi? In zaunar da ita in yi mata tambaya? Ka san ba na shiga sabgarta. Kuma yayanka ne."

"Fili na sayar, Kulu. Kina gidan nan na sayar da shi."

Ta sunkuyar da kai. Ban ci abincin ba. Na ce ta ba Bahijja rigar, na fita na tari adaidaita zuwa Kwari.

Shagon Yaya Muttaka yana da zurfi, an jera shadda da atamfa har rufi. Can ƙurya na hango 'Yar Baffa. Ta shimfiɗa leshi a kan tebur, tana ɗaukar hotonsa da waya, wata wayar kuma a maƙale a kunnenta tana ce wa wata Hajiya kalar ta ƙare sai dai ruwan goro. Da ta ɗago ta gan ni, wayar ta suɓuce ta faɗi a kan leshin. Ta durƙusa a inda take. Na ɗauke kaina, na ce wa Yaya ina son magana da shi.

Ya ja ni wani ɗan ɗaki a bayan shagon inda yake salla. Ya zauna a kan bandir ɗin shadda, ni na ƙi zama.

"Wa ya kai maka gulma?" ya fara tambaya.

"Yaya, ina kuɗin makarantar yarinyar nan?"

"Ga su can ka wuce su. Duk layin leshin nan nata ne. Ko sisi ban ci ba, in shi kake nufi."

"Ban kawo maka don ka sayi leshi ba."

"Ka kawo min don in yi mata abin da ya dace, na kuma yi. Zauna mana, ka tsaya min a kai kamar ɗan karota mai tare motoci." Ya gyara babbar rigarsa. "Salihu, kai hula kake wankewa, ba ka san abin da duniya ke ciki ba. Mubarak ɗana, ina digirinsa? Yana ƙarƙashin katifa. Injiniya ne fa, yau adaidaita yake ja, shi ma ni na saya masa. Tun da korona ta zo makarantun nan ba su koma daidai ba. Yau a rufe, gobe a buɗe, jibi a ce karatu ta waya. Malaman kirki suna ta ficewa ƙasashen waje. Kuɗi kuwa bara an ninka, wa ya ce maka baɗi ba za a sake ba? Kuɗin filinka ba zai kai ta ƙarshe ba, na yi lissafi. Sai ta kai aji biyar a ce babu, ba digiri ba jari. Nan kuwa ka san matan Abuja nawa suke sayen kaya a wayarta? Ta fi yaran shagon nan duka."

"Ita ta ce ta gaji da karatun?"

"Yaro ne zai gaya min abin da ya dace da shi? Ta yi kukanta ta share."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Da na gaya maka me za ka ce? Ga shi yanzu ka ji, dubi yadda ka tayar da hankalinka." Ya nuna ni da carbi. "Kuma bari in tuna maka, ranar suna ba aronta ka ba ni ba."

Na ce ran Litinin za a cire sunanta. Na ce ya ba ni kuɗin rijista kawai, sauran ya riƙe. Ban taɓa roƙon Yaya wani abu da irin muryar da na roƙe shi ranar ba.

"Kaya ne, ba kuɗi ba ne," ya ce. "Kasuwa ta yi sanyi. In na ce a karyar da su kafin Litinin, rabin kuɗinsu ma ba za a saya ba. Asarar yarinya kake so in yi?"

Da na fito tana nan a durƙushe inda na bar ta. Na wuce.

Washegari bayan sallar Juma'a na tafi Goron Dutse wurin Yaya Indo. Ita ce babbarmu, ita kaɗai ke iya ɗaga wa Muttaka murya. Na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Ta saurare ni har na gama, ba ta daina tsintar ba.

"Muttaka bai kyauta ba da ya ɓoye maka," ta ce. "Amma kai ma Salihu, ka ba ni kunya. A tsakiyar Kwari? Yaran shago suna jiyo ku? Yaushe aka fara uba ya bi ba'asin 'yar fari a gidanmu? Ni Baba ya taɓa tambayar inda aka kai ni? Baffa Yusuf ne ya yi min komai, ga ni ban lalace ba."

"Yaya, lokacinku ba a sayar da fili don karatu ba."

"Au, gori za ka yi wa yayanka?"

"Ba gori ba ne. Litinin nake ji."

Ta ɗauki wayarta ta kira shi a gabana. Ta yi masa faɗa kaɗan, ta fi yi masa nasiha, shi kuma yana ta cewa to Yaya, in Allah ya yarda, za a duba. Da ta ajiye ta ce min in je in kwantar da hankalina, kada in sake tayar da maganar a wajen mutane.

Ran Asabar na zaga duk inda nake da fuska. Kowa yana da nasa ɗan a wata makaranta, kowa da irin kukana. Alhazan da nake wa wanki shekara da shekaru suka yi ta ba ni haƙuri da addu'a. Ran Lahadi da yamma Yaya ya aiko da wani abu a ambulan. Na haɗa da ɗan abin da na samo, bai kai kuɗin shekara ɗaya ba.

Ran Litinin da safe 'Yar Baffa ta fito da mayafinta za ta tafi Kwari. Ta durƙusa ta gaishe ni. Maimakon in dubi bango, sai na dube ta.

"Ɗauko takardunki na makaranta, tare za mu je."

Ta waiga tana neman wanda nake yi wa magana. Kulu ta leƙo daga ɗaki ta koma.

A cikin adaidaita ta takure a gefe ɗaya, ni a ɗaya gefen. Muka wuce Ƙofar Na'isa. Ban san yadda ake fara magana da ita ba. Daga baya dai na ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Baba, ta yaya zan kawo maka ƙarar Baffa?"

"Ko ta wurin uwarki."

"Na taɓa farawa, ta ce in rufe mata baki." Ta gyara mayafinta. "Da farko Baffa ya ce zango ɗaya ne, in kasuwa ta motsa zai biya. Na ɗauka kai ma da saninka. Na ɗauka kuɗin ne babu, kana jin nauyin faɗa."

"Ba ki san na sayar da fili ba?"

Ta juyo ta dube ni sosai, abin da ban tuna ta taɓa yi ba. "Wane fili?"

Sai a lokacin na gane ita ma bai gaya mata ba. Ya ce mata jarin leshin daga aljihunsa ne. Shekara guda tana yi masa godiya.

A jami'ar ita ta shige gaba, don ni ban san ko'ina ba. Mutane cike a bakin ofishin rijista, ɗalibai da iyaye, wasu a zaune a ƙasa. Mun daɗe kafin mu shiga. Muka samu wani ma'aikaci mai furfura, da ganinsa ya gaji. Ya buga lambarta a kwamfuta, ya duba, ya cire tabarau.

"Malam, kai ne mahaifinta?"

Na ce ni ne.

"Sai an biya na bara da na bana tare kafin shafin ya buɗe mata. Ba ya karɓar rabi. Ba ni nake hanawa ba, haka aka tsara shi."

Na ajiye ambulan ɗin a kan teburinsa, na ce ya riƙe wannan, zan kawo sauran. Ya turo min shi da sauri.

"Rufa min asiri, ɗauke. Ba a biya a hannu." Ya dubi yarinyar. "Sakamakonki mai kyau ne, me ya sa ba ki rubuto neman ɗage karatu ba tun bara? Da an ajiye miki gurbinki ba ko kwabo."

"Na gaya wa Baffana akwai hakan," ta ce a hankali. "Sai da sa hannun waliyyi. Ya ce ba sai an yi ba, zai biya."

Mutumin ya ce ta rubuta takardar roƙo, za a kai wa kwamiti. Ya rage murya ya ce kada in sa rai da yawa, irinta sun fi a ƙirga bana. Ta rubuta a tsaye, a jikin bango. Na sa hannu a ƙasa.

Bayan 'yan makonni Bahijja ta kira ta ta gaya mata an kafe sunayen waɗanda aka sallama, nata yana ciki. Wanda yake so ya dawo sai ya sake jarrabawar shiga jami'a, ya faro daga aji ɗaya, a kan sabon kuɗi.

Ranar da labarin ya zo na ce wa Kulu na gama da Muttaka. Ba zan sake taka gidansa ba, kuma gobe zan je in kwashe leshin nan ko a faɗuwa in sayar, yarinya kuma ta bar masa shagonsa. Da ƙarfi nake faɗa, ban damu maƙwabta su ji ba.

Sai ga yarinyar ta fito ta durƙusa a gabana, idonta a kumbure.

"Baba, don Allah kada ka yi."

"Bayan abin da ya yi miki?"

"In na bar shagon ina zan je? Matan da ke saye a wurina ta shagonsa suka san ni, kayansa nake haɗawa da nawa. In kun ɓata, shi ke nan babu karatun babu kasuwar. Ina so in tara da kaina in sake jarrabawar."

"Ki koma aji ɗaya? Ƙawayenki suna fita ke kina shiga?"

"In kuɗin bai sake tashi ba." Ta goge fuska da gefen mayafi. "In ya tashi kuma ban sani ba. Amma Baba, in na tara, wa zan kawo wa ya ajiye min?"

Na ce ta buɗe asusu a banki da sunanta, kada ta ba kowa, har ni.

A al'adar gidanmu ƙani yakan je gaida yayansa duk Juma'a bayan masallaci. Na yi Juma'a biyu ban je ba. A ta uku Yaya Indo ta aiko a tambaye ni ko ba ni da lafiya, yarinyar nan kuma ta ce Baffa ya fara ɗaure mata fuska a shago. Na sa rigata na tafi.

Na same shi a falo da baƙi, 'yan kasuwa daga Katsina. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a kamar ba abin da ya faru. Ya nuna ni ya ce musu wannan ƙanina ne, sannan ya shiga ba su labarin 'yarsa da ke shago, yadda take sayar da leshi ta waya har Fatakwal. Suka yi ta cewa masha Allah. Ɗayansu ya juyo ya ce min ai wannan ta fi digiri, Malam.

Na ce Allah ya ƙara albarka.

Aka kawo shinkafa da miyar kaji a babban tire. Yaya ya ce in matso. Na ce na ƙoshi. Ya sake cewa in matso mana, na ce wallahi na ƙoshi. Na zauna a bakin ƙofa har suka gama ci, na yi sallama na fito.